Zakunan Alhaji Tassiou

Wani in ya yi tafiya tsaraba yake kawowa, wani kuma wa'azi. Alhaji Tassiou na kashi na biyu ne. A shekarar 2006 matarsa, Hajiya Fassouma, ta aike shi Gwanzu ta ƙasar China ya saro mata fulas-fulas na shayi da dardumar salla. Ya yi mako guda da ɗoriya ya dawo Greensboro, garin da suke zaune a ƙasar Turawa, da kaya cif, amma hankalinsa can ya baro shi. In aka kawo shayi, a China ba haka ake zuba shi ba. In aka ce ana ruwa, ai ba ku ga ruwan China ba. Gaskiyar magana kuwa, rabin zamansa a can a wani gidan abinci na 'yan Afirka ya yi shi yana cin tuwo da 'yan'uwansa Hausawa, sauran rabin kuma a tagar bas. Ta tagar nan ya hango abin da ya ishe shi surutun shekara.

Shagon na Fassouma ne, kowa ya san haka, har shi. Tun tana sayar da kilishi da daddawa a bayan mota a ƙofar masallacin Juma'a take tattali, har ta kama ɗaki a wani jerin shaguna a titin High Point. Koren allo ne a sama, da sunanta da farin fenti. A ciki akwai gero da kuka da man ja, da katin buga waya gida, da firigon naman halal wanda mutane ke tasowa tun daga McLeansville dominsa. Shi kuwa Tassiou taksi yake ja shekara da shekaru, kuma ya tsane ta kamar ciwon haƙori. Bayansa ya ƙage, mashaya sun sha yi masa amai a kujera. Babu abin da yake so a duniya irin ya zauna a bayan kanta da babbar riga ana ce masa patron, wato maigida.

Ana nan sai aka bugo daga Damagaram cewa mahaifiyar Fassouma ba ta da lafiya. Ranar tafiya ta ciro makullin shagon mai jan zare, ta riƙe shi a sama, ba ta sake shi ba tukuna.

"Baban Djamila, wata guda zan yi. In na dawo na tarar da butik ɗina yadda na bar shi, ka rabu da taksi har abada, mu zauna nan tare. In ka taɓa mini ko ƙusa ɗaya, motarka na nan wurin abokinka Yahya, aro ka ba shi."

"Haba Hajiya. Mutumin da ya ga China ake yi wa kashedi a kan shago?"

"Shi ya sa nake yi maka," in ji ta, sannan ta saki makullin.

Jirginta bai gama ƙetare teku ba ya kira Dachung, wani mutumin Jos mai fenti da aikin kafinta, wanda ke jin Hausa kamar jakin Kano. Suka tsaya a wurin fakin, Tassiou ya goya hannu a baya yana kallon allon matarsa da tausayi.

"Ka ga abin da ya hana matar nan ci gaba? A China duk shagon da ka gani, allonsa ja ne, rubutu ruwan zinare. Ja shi ke kiran arziki. Kore kuwa akuya kawai yake kira."

"To me za a rubuta, Oga?"

Tassiou ya jawo kwalin fulas, ya zaɓi rubutun China huɗu waɗanda suka fi cika ido.

"Me suke nufi?" Dachung ya tambaya.

"Fenti na kira ka, ko tafsiri?"

Aka kafa jan allo a kan koren. Tassiou ya ja baya ya duba, ya ce na ukun ya rame, a ƙara masa ƙafa biyu. Aka ƙara. Daga nan ya tuna da tsofaffin gine-ginen da ya hango, masu rufin da bakinsa ya ɗage sama kamar ƙahon bajimi, ya ce shi ma shagon sai an yi masa irinsa. Dachung ya yanko katako ya lanƙwasa, ya ɗora a kan allon, ya fara buga ƙusa.

"Tsaya. Me kake yi?"

"Ƙusa nake bugawa, kada iska ta ɗauke."

"Gidajen China shekara dubu suke yi a tsaye, babu ƙusa ko ɗaya, katako ne ke riƙe ɗan'uwansa. Cire."

"Oga, su sun iya sassaƙa haɗin. Wannan falanki ne."

"Ka je China?"

Dachung bai je China ba, don haka ya cire rabin ƙusoshin, ya sauko daga tsani yana addu'a irin tasu.

Washegari Tassiou ya zauna a bayan kanta yana jiran arziki. Arziki ya zo, sai dai ba wanda ya sani ba. Wani Bature ya shigo yana neman soyayyar shinkafa, wani ya tambayi takardar jerin abinci. Wata tsohuwa ta ce a ba ta baƙin ruwan nan da 'yan China ke ɗiga wa abinci, Tassiou ya ce yana da wanda ya fi shi, ya buɗe mata robar daddawa a ƙarƙashin hanci. Ta fita ba ta ko rufe ƙofa ba. Hausawa kuwa sai su shigo wurin fakin, su rage gudu, su dubi jan allo, su juya. Kafin Juma'a labari ya gama gari cewa Fassouma ta sayar wa 'yan China shago ta gudu Nijar.

Hajiya Bebi, wata Bakanuwa da ba ta sayen nama a ko'ina sai nan, ita ta fara yin ƙarfin halin leƙowa. Ta gan shi zaune, ta riƙe haɓa.

"Alhaji, kai ma sun ɗauke ka aiki ne?"

"Wa zai ɗauke ni aiki? Ni ne patron. Gyara na yi."

"Gyaran gangar Abzinawa dai. Hajiya ta sani?"

"Sufriz zan yi mata."

"Ai kuwa za ta sha mamaki," in ji Bebi. Ta sayi katin waya ɗaya, ta dubi firigon nama, ta wuce.

Da wani mai hankali ne, da ya sauke allon a ranar. Tassiou kuwa ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa laifin na ƙofa ne, don babu mai tsaronta. A China kowane babban gini da zakuna biyu na dutse a bakinsa. Ya tuƙa har Pleasant Garden, wurin wani mai sayar da gumakan siminti na ado a lambu. Akwai agwagi, akwai zomaye, akwai kwaɗi, babu zaki. Amma akwai wasu karnuka biyu masu faɗin kumatu da suka tsuguna suna harara. Tassiou ya zagaya su sau biyu ya ce ai zakin China ma kusan haka yake. Ya kawo su ya shafe da fenti ruwan zinare, ya sayo kan tsumman goge ƙasa guda biyu ya manna musu a wuya a matsayin geza.

Da yamma ga Malam Tahirou, dattijon da ke jan salla in liman ba ya nan, ya zo sayen nama. Ya tsaya cak taki uku kafin ƙofa.

"Alhaji Tassiou, waɗannan fa?"

"Zakuna ne, Malam. Na dama namiji, na hagu mace. A China su ke tsare ƙofa, mugun abu ba ya wucewa."

"To ni dai ga shi ban wuce ba."

"A'a, Malam, ba da kai ake ba."

Malam ya sunkuya ya ɗaga gezar na daman da sandarsa, ya ga kunnuwa a kwance.

"In zaki ne, gunki ne. In kare ne, gunkin kare ne. Zaɓi wanda ka fi so."

"Ado ne kawai."

"Dakor, na ji. To naman da ke bayan jan allo da gumaka biyu, wa ya yanka shi?"

"Wanda ya saba yankawa mana."

"Allah ya sa," in ji Malam, ya koma motarsa.

Wannan "Allah ya sa" ta fi kowane kashedi aiki. Daga ranar nama ya zauna a firigo kamar an yi masa asiri, mutane suka koma wani shago a ɗaya ƙarshen gari. A nan ne tsoro ya fara kama Tassiou da gaske. In ya rufe ido sai ya ga sitiyari. Yakan shafa makullin da ke rataye a wuyansa, don ya san Fassouma ba ta magana biyu.

Sai dai tsoron bai koya masa komai ba, ƙara masa dabara ya yi. Ya tuna wata rana a Gwanzu bas ɗinsu ta maƙale a cunkoso, ya hango ana bikin buɗe wani shago. Mutum biyu sun shiga rigar zaki suna rawa, ana kiɗa, ana fasa abin wuta, an rataye ganyen salak a saman ƙofa, zakin ya miƙe ya cafke shi, jama'a suka ɗunguma ciki. Bas ta tashi kafin ya ga ƙarshe, amma ai ya ga mai muhimmancin. Ya buga cinya. Ashe shagon ba a buɗe shi ba ne, shi ya sa.

Ya sanar a masallaci cewa ranar Asabar bayan la'asar akwai bikin buɗe shago. Don ya rufe bakin masu zancen nama, ya je gona a McLeansville ya sayo ƙaton rago mai murɗaɗɗen ƙaho, ya ce a zo a gan shi da rai, washegari Malam da kansa zai yanka shi a gonar a raba. Kan zaki kuwa kwandon wanki ne aka kife, aka liƙa masa faifan sidi biyu a matsayin idanu, jiki kuma wani bargo mai hoton damisa. Saura mai shiga baya.

"Oga, a aikin fenti babu wutsiya," in ji Dachung.

"Cinyar rago guda taka ce."

"Ta gaba ko ta baya?"

"Ta baya."

Dachung ya shiga bargo.

Ranar Asabar wurin fakin ya cika. Mutanenmu suna iya ƙin sayen namanka, amma ba sa ƙin zuwa kallonka. 'Yan Nijar da 'yan Najeriya suka jingina da motocinsu, mata suka yi gungu a gefe, har maƙwabtan shaguna suka fito. Tassiou ya ɗaure ragon a wuyan zakin dama, ya rataye ƙullin salak da igiya a bakin lanƙwasasshen rufi. Da yake hukuma ba ta yarda a fasa abin wuta a nan ba, sai ya shimfiɗa ledar nan mai ƙurajen iska da ake naɗe fulas a ciki, tun daga bakin titi har ƙofa. Ya ba wani ɗan Maraɗi tukunya da ludayi. Sannan ya hau kan kwali ya yi jawabi.

"Jama'a, abin da za ku gani yau, sai mutum ya biya kuɗin jirgi yake ganinsa. A China kowace dabba da ma'anarta. Kifi wadata ne, kunkuru tsawon rai, zaki kuwa buɗi. Da zarar ya ci ganyen can, shike nan, ƙofa ta buɗe."

"Rago fa, Alhaji?" Hajiya Bebi ta tambaya.

"Rago haƙuri ne."

Ya kifa kwando a kansa, Dachung ya riƙe ƙugunsa, aka fara buga tukunya. Abin da Tassiou bai lissafa ba shi ne, ta cikin kwando da bargo ba a ganin komai sai ƙafafun mutum. Zaki ya nufi hagu, wutsiya ta nufi dama. Ya yi karo da motar wani, ya ba ta haƙuri, ya juyo. Da suka hau ledar sai ta fara fashewa, tas, tas, tas, Dachung ya yi tsalle ya taka masa diddige, takalmi ɗaya ya fita. Yara suna ihu da Turanci, manya suna rufe baki da gefen mayafi.

Ragon nan tun ɗazu idonsa na kan salak. Yanzu ga ƙara ta firgita shi, ga kuma wata dabba mai ƙyallin ido tana matsowa tana sunkuyar da kai tana ɗagowa. A wurin rago wannan magana ɗaya ce tak. Ya ja baya, ya fizga. Igiya ta zame ta kan zakin siminti, ta tafi da gezar gaba ɗaya, tsumman ya zarme a ƙahonsa ya sauko masa a wuya. Kare ya fito fili da kunnuwansa, rago kuma ya tsaya a tsakiyar fili da geza yana huci.

"Yau dai na ga zaki a wurin nan," in ji Malam Tahirou.

Dachung ya leƙa ta ƙasan bargo, ya ga ƙafafu huɗu suna tahowa, ya ce a riƙe cinyar, ya fice ta baya. Tassiou bai san an bar shi shi kaɗai ba. Ya ji jama'a sun yi tsit, ya ɗauka kwarjinin rawar ne, ya ƙara sunkuyar da kai. Rago ya same shi a tsakiyar kwando. Faifan sidi ɗaya ya yi sama, Tassiou ya yi baya-baya yana laluben abin riƙewa, hannunsa ya faɗa kan igiyar salak, ya rataya da dukan nauyinsa.

Ginin China mai rabin ƙusa ya yi ƙara sau ɗaya. Rufi ya taho, ya jawo jan allo, suka kife a kan zakin hagu, kansa ya gangara har ƙarƙashin motar Bebi. Ƙura ta lafa. Ga Tassiou zaune a ƙasa, kwando a wuya, takalmi ɗaya, ga rago a gefensa yana cin salak a natse. A sama kuwa koren allo ya bayyana da sunan Fassouma, ko ƙwarzane babu.

Dariyar da ta tashi ba ta daɗe ba, don ƙofar wata taksi da ke tsaye a ƙarshen fili ta buɗe. Tassiou ya san motar, ya san lotsawar da ke gefenta. Yahya ya fito, Hajiya Fassouma ta fito, da kayan tafiya a jikinta.

"Tun kafin jawabi muke nan," in ji Yahya a hankali. "Ta ce ba ta sauka a shagon mutane. Sai yanzu da ta ga nata."

Ta tako ta kan ledar, tana fashewa a ƙarƙashin takalminta, babu wanda ya yi dariya. Ta tsaya a kansa.

"Hajiya, sannu da hanya. Ya jikin Inna? Ai wata bai cika ba."

"Ta samu sauƙi. A Damagaram mata suka zo har gida suna yi mini jajen sayar da butik. Me na ce maka a kan ƙusa?"

"Ai ƙusoshin ma cirewa na sa aka yi."

Ta miƙa hannu. Ya so ya yi bayani, ya ga babu fuska. Ya ciro jan zaren ta saman kwandon da ƙyar, don ya sarƙe, ya ɗora mata a tafin hannu. Ta juya wajen jama'a.

"Malam, ga rago, gobe a yanka a raba. Naman da ke firigo kuma wanda kuka sani ne ya yanka. Litinin butik a buɗe yake."

"Mun ji, Hajiya," in ji Malam Tahirou. "Allah ya ƙara haƙuri."

Ta rufe shagon da hannunta. Dachung da ɗan Maraɗi suka ciccibi karnukan, mai kai da marar kai, suka zuba a but ɗin taksi kusa da akwatunanta, don a mayar wa mai su. Yahya ya zo ya sa wa Tassiou makullin mota a aljihu, ya ce birki na ɗan ƙara, a riƙa lura.

Tassiou ya cire kwando, ya nemo takalminsa, ya zagaya ya buɗe mata ƙofar gaba, inda ta saba zama tun ranar da ya ɗauko ta daga filin jirgi tana amarya. Ta wuce shi, ta buɗe ƙofar baya, ta shiga ta zauna. Wannan ya fi ƙahon ragon yi masa ciwo. Ya zauna a kujerar da ya yi rantsuwa ya bar ta, kujerar ta karɓe shi daidai, bayansa ya ce ga ni.

Suka hau titi, karnuka na gwaruwa a but. A jan wuta na farko ya dube ta ta madubi, ya gyara murya.

"Kin san, Hajiya, a China in rago ya tunkuyi mutum ranar buɗe shago, alama ce ta..."

"Wuta ta ba ka hannu," in ji ta, tana kallon taga. "Ja mu je, direba."